Fayil ɗin STL tuwo ne, ba gari ba

Akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a bakin masu amfani da manhajojin zanen injiniya. Mutum ya sauko da samfurin wani ƙaramin kayan gyara daga intanet, ya buɗe shi a FreeCAD ko Fusion, yana son ƙara masa kauri da milimita biyu kacal, sai umarnin Extrude ya ƙi aiki, ko kuma ya ɗago wata 'yar alwatika guda ɗaya ya bar sauran fuskar a inda take. Nan da nan sai a ɗora wa manhaja laifi. A ganina matsalar tana cikin irin fayil ɗin da aka karɓa, da kuma al'adar karɓar sa ba tare da tambaya ba.

Aikin Extrude mai sauƙi ne: a zana siffa a shimfiɗe, kamar da'ira ko murabba'i, sai a miƙe ta zuwa wani tsayi ta zama abu mai jiki. Da'ira ta zama silinda. Tun daga fitowar Pro/ENGINEER a ƙarshen shekarun 1980, manyan manhajojin zane suna riƙe tarihin kowane mataki, ta yadda idan aka sauya lamba ɗaya sauran siffar za ta bi. Manhajar ta san cewa wannan rami da'ira ce mai faɗin milimita 10, domin lissafin da'irar ne ke ajiye a cikinta.

Fayil ɗin STL bai san komai daga cikin wannan ba. Kamfanin 3D Systems ne ya fito da shi a 1987 don na'urorinsa na farko masu buga abu mai jiki, kuma abin da ke ciki shi ne raga ta alwatikai da ke lulluɓe da bayan abin. Akwati mai fuska shida yana zama alwatika 12. Rami mai da'ira yana zama siffa mai gefuna masu yawa: idan gefunan 16 ne, ramin milimita 10 zai tsuke zuwa kusan 9.8 a tsakanin gefe da gefe, abin da ya isa ya hana ƙusa shiga. Fayil ɗin ba ya ma faɗin ko lambobinsa milimita ne ko inci. Saboda haka wanda ya nemi manhaja ta miƙe "fuskar sama" yana maganar abin da babu shi a fayil ɗin.

Akwai dabarun kewaye. A Blender ana zaɓar alwatikan a miƙe su tare, amma a wuraren da suka lanƙwashe fuskokin kan ratsa juna, ragar ta samu ɓaraka, na'urar bugawa ta kasa bambance ciki da waje. FreeCAD na iya mayar da raga zuwa abu mai jiki, sai dai kowace alwatika takan koma fuska mai zaman kanta, kuma samfuri mai dubban fuskoki yana wahalar da kwamfuta. Sau da yawa hanya mafi tsabta ita ce a aza ragar a matsayin ma'auni a sake zana abin daga tushe. Wato a biya kuɗin aiki sau biyu. Tuwon da aka riga aka tuƙa ba ya komawa gari.

Raga tana da nata gurbi. Abin da aka ɗauko siffarsa da na'urar sikanin, kamar ƙashi ko sassaƙe, a raga yake zuwa, kuma babu laifi a nan. Haka kuma mai zane yana da haƙƙin riƙe ainihin fayil ɗinsa don kare sana'arsa. Amma ya kamata a faɗi hakan a fili lokacin ciniki, domin mai saye ya san abin da ya biya.

Asibiti ko masana'anta ko ɗakin gwaje-gwajen jami'a da suka ba da kwangilar zana musu wani kayan aiki, suka karɓi STL kaɗai, sun sayi damar sake buga abin ne kawai. Ranar da suka buƙaci faɗaɗa rami ɗaya, dole su koma wurin mai zanen ko su sake aikin. Maganin yana nan tun 1994, lokacin da aka fara wallafa ƙa'idar ISO 10303 da aka fi sani da STEP, wadda ke adana da'ira a matsayin da'ira, fuska a matsayin fuska, kuma kusan duk manyan manhajoji suna karanta ta. STEP ba ya ɗauke da tarihin matakan zanen, don haka wanda ke son cikakken iko sai ya nemi ainihin fayil ɗin manhajar ma. Duk mai sa hannu a irin wannan yarjejeniya ya rubuta waɗannan biyun a cikinta kafin ya biya.