Kifin da ya sa muke cewa isansi

Akwai wata magana da ke yawo cikin fadodin Maradi kwanakin ga, kuma ta fara shiga bakin ɗalibai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. In anka ga yaro ya duƙufa bisa salula yana bin ɗan gajeren darasi na sati huɗu ko shida a intanet, tarihin kiɗan jaz, ko tsofaffin littattafan Turawa, ko tarihin Turai tun daga Girka da Rum, sai ka ji an ce: "Wanga bai farka ba har yanzu. An kori Nasara, shi ko yana ɗaukar mashi jaka." Masu ɗan sauƙin baki su ce ɓata megas ne. Wasu kuma su ce kiɗa ne, kiɗa ko ba abin karatun ɗan Musulmi ba ne.

Ni ban yarda ba, ko kaɗan. Kuma tunda harshe nake karantawa, bari mu fara da bakinmu.

Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba. Jini ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya. Sarkinmu ma Sarkin Katsina ake ce mashi har gobe, tun da Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautar a nan bayan jihadi. To amma mu muna cewa isansi, su fetur. Mu biro, su ofis. Mu parmi, su lasin. Mu mushe, su ticha. Ko darasin ga da muke gardama a kai, mu formasiyon muke ce mashi, su kwas. Kowa zai ce ai Faransa ta mulke mu, su Ingila. Wannan ɗan firamare ma ya sani. Tambayar ita ce, don mi? Mi ya sa layin ya bi ta tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, bai bi ta arewa da mu ba?

Domin da farko ta arewa da mu ya bi. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa sunka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, sannan layin ya miƙe gabas ta yadda Maradi da Tsibirin Gobir sunka faɗo a rabon Ingila. Faransawa sunka duba abin da anka bar masu tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai sunka ga hanya ce ta ƙishirwa, ba rijiyoyin kirki da ayari zai sha. Suna son hanya mai ruwa. Ingila kuma tana da tata damuwa can wata uwa duniya: gabas da Kanada akwai tsibirin da Faransawa ke kira Terre-Neuve, inda tun yarjejeniyar Utrecht ta 1713 masuntan Faransa ke da izinin kamun kifi su shanya shi a gaɓar da take mallakin Ingila. Ingila ta gaji da wanga haɗin gambiza. Sai anka yi musanya a Landan ranar 8 ga Afrilu 1904: Faransa ta saki gaɓar kifi, Ingila ta saki wasu yankuna a Afirka, ciki har da namu. Takardar ta ambaci Tasawa da Maradi da Zinder da suna. A 1906 anka daidaita layin, Tilho da O'Shee sunka bi daji suna kafa alamomi. Ba a tambayi Sarkin Katsina ba, ba a tambayi Sarkin Gobir ba. Wani tsibiri mai ƙanƙara ne ya yanke wa Tsibiri hukunci.

Kun ji. Busasshen kifi ne ya sa muka zauna bak maimakon jarrabawar da ƴan uwanmu na Katsina ke yi. Shi ya sa duk ranar da anka rufe iyaka, kamar 2019 da 2023, kasuwarmu ke kwanciya jinya. Shi ya sa manomin zogale a Jiratawa ke kallon gulbi yana lissafin ruwan da madatsar Jibiya za ta saki, a wata ƙasa, ƙarƙashin wata tuta. To, ɗan'uwa mai cewa tarihin Turai ba ruwanmu, faɗa mani: a wane kirari na fada za ka sami Utrecht? Maroƙan Gobir sun riƙe mana Bawa Jangwarzo da Alƙalawa da Mayaƙi, Allah ya saka masu. Amma rabin labarinmu na shekara ɗari da wani abu an rubuta shi ne a ɗakunan da ba mu shiga ba, cikin harsunan da ba namu ba. Wanda ya ƙi karanta wannan rabin, ba Nasara ya yi wa fushi ba, kanshi ya yi wa.

Haka zancen littattafai. A 1899, daga Fabrairu zuwa Afrilu, wata mujalla a Birtaniya tana buga labarin Joseph Conrad, Heart of Darkness, kashi-kashi: Bature ya shiga Kwango da sunan wayewa, ya koma dodo. A cikin watannin nan dai, ba a takarda ba, a ƙasar ga tamu, Voulet da Chanoine na tafe suna ƙone garuruwa. Sun yi karo da Sarauniya a Lugu, sun yi ɓarna a Birnin Ƙonni, sun harbe Kanar Klobb da anka turo ya tsai da su ranar 14 ga Yuli a Ɗankori, kafin sojojinsu su gama da su a wajen Maijirgi, nan kusa da Tasawa. Ɗalibin Landan da ke karanta Conrad yana ganin ƙage ne mai zurfin ma'ana. Ɗalibin Maradi da ke karanta shi yana iya hawa mota ya je ya ga wurin. Wa ya fi cancanta ya yi sharhin littafin ga? Kuma da Chinua Achebe ya tashi a 1975 a wata jami'ar Amurka ya kira Conrad mai wariyar launin fata, duniya ta saurare shi ne don ya karanta littafin layi-layi, ya san inda zai sa wuƙa. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Mai zagin littafin da bai buɗe ba, iska kawai yake naushi.

Wai ma yaushe Bahaushe ya fara tsoron littafin wani? Magana Jari Ce da muke alfahari da shi, Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus na ƴan gidan Grimm, ya ɗebo daga Italiya, ya dama su da ruwan Hausa har ba mai jin baƙon ɗanɗano. Bala Abdullahi Funtuwa ya maida littafin Orwell Gandun Dabbobi. Ibrahim Yaro Yahaya ya maida wasan Shakespeare Daren Sha Biyu. Ga masu kawo hujjar addini kuwa, da girmamawa nake cewa su leƙa zauren malamansu. Waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan jahiliyya, waɗanda ba su yi salla ko raka'a ɗaya ba, malamanmu sun ɗauki ƙarnuka suna biya wa almajirai su don a san Larabci. Ilimin manɗiƙi da ake karantawa a zaure, asalinsa Aristotle ne, mutumin Girka. Su ba su ce imaninsu zai zube ba.

Yanzu jaz, wanda shi anka fi yi wa dariya.

Ban ce jaz kiɗan Hausa ne ba. Masu cewa komai na duniya daga gare mu ya fito, su ma ragwaye ne, sun dai sauya riga. Jaz na baƙaƙen Amurka ne, jikokin bayi, an haife shi a New Orleans wajen farkon ƙarni na 20, garin da bayi ke taruwa ran Lahadi a dandalin da ake kira na Kwango suna kiɗa. Su sunka sha wuyar, nasu ne. Amma mai kunnen da ya tashi da goge da gurmi yana jin abin da malamin kwas ba ya ji. Banjo, kafin masana'anta su sa mashi ƙarfe, ƙwarya ce da fata da tsirkiya, ɗan ɗakin su molo da gurmi. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 yana kafa hujja cewa salon waƙar buluz, uwar jaz, ya fi kama da na yankinmu na sahel, inda mawaƙi ɗaya ke jan murya bisa tsirkiya, fiye da na gangunan bakin teku, kuma ya kawo misalin kiɗan Hausa. Ana gardama a kai har yau. To gardamar da anka sa sunanmu a ciki, mu ne za mu ce ba ruwanmu?

Kuma akwai darasin da ya fi wannan zafi. Daga 1956 gwamnatin Amurka ta riƙa tura manyan makaɗan jaz ƙasashe don a ga tana ƙaunar baƙar fata, alhali a gida ba a barin su kwana otal ɗaya da Turawa. A watan Oktoba 1960 Louis Armstrong ya sauka Leopoldville, Kinshasa ta yau, anka ɗauke shi bisa kujera kamar sarki, jama'a na ta murna. A daidai lokacin Patrice Lumumba na tsare a gidanshi cikin garin nan. Ranar 17 ga Janairu 1961 anka kashe shi. Wata guda bayan haka, mawaƙiyar jaz Abbey Lincoln da makaɗi Max Roach na cikin waɗanda sunka kutsa zauren Majalisar Ɗinkin Duniya suna zanga-zanga. Kiɗa ɗaya, wani ya yi lulluɓi da shi, wani ya yi makami. Yaron da ya san wanga labari, in gobe wata babbar ƙasa, ko wace ce, tsohuwar abokiya ko sabuwa, ta zo mana da biki da burs da gidan al'adu, zai sha kiɗan, amma zai duba abin da ke faruwa bayan dandali. Wanda bai sani ba, tafi kawai zai yi.

Masu cewa ɓata megas ne, ba zan daɗe kansu ba. Nawa ke tafiya a daren da Barsa ta haɗu da Madrid? Ba wanda ya taɓa kiran wannan bautar Turawa.

Sai dai kada ƴan kwas su ɗauka na zo in shafa masu mai. Akwai masu tara atestasiyon kamar mai tara kwalabe: a danna bidiyo a bar shi yana gudu, a kwafi amsa, a liƙa hoton takarda a WhatsApp, a tambaye shi mi Faransawa sunka yi wa sarkinsu a 1793 ya tsaya yana susar ƙeya. Waɗanga su ke ba masu zagi hujja. Kuma darussan kansu ba don mu anka shirya su ba. Malamin yana magana da yaron Boston ko na Lyon. Tarihin jaz a wurinshi daga tashar jirgin ruwa ya fara, abin da ke gabanin jirgi minti biyu ne a darasin farko. In ya zo kan 1904, zancen sulhun Ingila da Faransa gabanin yaƙin duniya zai yi, Maradi ko a ƙasan shafi ba za ta fito ba. Takardar shaidar kuma sai da katin banki, wanda yawancinmu ba mu da shi. Duk gaskiya ne. Amma ramin da malamin ya bari, wa zai cike shi in ba wanda ya zauna darasin ya ga ramin ba?

Ga inda nake son mu tsaya da kyau. Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Mun yi murna, ni ma na yi. Amma takarda ba ta ɗaga harshe. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ya karanci kimiyyar Turawa har ƙarshenta a Faransa, sannan ya rubuta littafi a 1964 yana neman a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba. In Hausa ba ta iya ɗaukar juyin juya halin Faransa, da Conrad, da Armstrong, to duk ranar da yaro ya so sanin duniya dole ya fita daga Hausa, ya bar mana ita ta cefane da gaisuwar biki. Masu hana karatun ga da sunan kishin Hausa, su ne ke ɗaure ta a turke.

Don haka ga abin da nake nema, kuma da gaske nake. Duk wanda ya gama ɗaya daga cikin darussan ga, kada ya nuna mana takarda. Ya kawo shafi biyu da Hausa, mu sa a fitowa ta gaba, kuɗin fotokopi mu raba. Ya zo fada, a Zariya ko Sabon Gari ko Tsibiri, tsakanin shayi na ɗaya da na uku ya yi mana bayani, mu yi mashi tambayoyin da za su sa shi gumi. Za mu yi faɗa kan kalmomi, kuma faɗan nan shi ne aikin. Abin da ƴan jaz ke yi na mai kakaki ya faɗa sauran su karɓa, muna da sunanshi tuntuni, amshi ne. Amma abin da suke yi na ƙaga sabon kiɗa nan take bisa tsohon gindi, wanda Shata ya yi shekaru yana yi da baki, mi za mu ce mashi? Wani abokin karatu ya ce "ƙirar take". Ni ina ganin ta yi kama da zancen maƙera. Wanda ke da wadda ta fi, ya rubuto.