Raddi Ga Masu Cewa Laifin Mai Kwamfuta Ne, Ba Na Windows Ba

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe babin Windows 10, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta. Tun kafin ranar mutane sun sha ganin wani saƙo ya mamaye musu allo, yana sanar da su cewa na'urarsu ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, gara su nemi sabuwa. Aka yi ta guna-guni. Sai ga wani ayari na masu sharhi kan fasaha da dillalan kwamfuta ya taso yana kare kamfanin. In an tace maganarsu, ba ta wuce gaɓa biyar ba: tsaro ne ya kawo sharuɗɗan, shekara goma ai ta isa, kyauta aka ba da Windows 11, kuma ba a raina kyauta, Linux ta ƙwararru ce, birnin Munik ma ya gwada barin Windows ya dawo da ƙafarsa. Daga nan sai su yanke cewa mai ƙorafi ko rago ne ko marowaci.

A fara da tsaro, domin nan ne hujjarsu ta fi ƙwari. Gaskiya ne cewa TPM, wato 'yar ƙwayar da ke ajiye makullan sirri a cikin kwamfuta, tana da amfani, kuma ba wanda ya san aiki da zai musa. Amma sharaɗin bai tsaya kan TPM 2.0 ba. An haɗa da jerin furosesa: ta Intel sai daga zubi na 8 zuwa sama, ta AMD sai daga Ryzen 2000. A ɗauki ThinkPad T470 ta shekarar 2017. Tana da TPM 2.0, tana da makullin da ke hana gurɓatacciyar manhaja tashi da na'ura, tana aiki lafiya lau, amma an rufe mata ƙofa saboda furosesarta ba ta kai zubi na 8 ba. To, a watan Agustan 2021 Microsoft ya waiwayi jerin nan ya saka wata furosesa 'yar zubi na 7, mai suna Core i7-7820HQ. Ita ce ke cikin Surface Studio 2, kwamfutar da kamfanin da kansa yake sayarwa a lokacin kan dala 3,499 zuwa sama. Ashe dai zubi na 7 ba haramun ba ne idan hajar mai gida ce.

Da aka matsa, kamfanin ya ce alƙalumansa sun nuna kwamfutocin da ba su cika sharaɗi ba sun fi sauran yawan tsayawa cak da kashi 52 cikin ɗari. Ko an karɓi wannan, magana ta riga ta tashi daga tsaro ta koma yawan tsayawa, kuma wannan abu ne da mai na'ura yake iya auna wa kansa. Bugu da ƙari, Microsoft ne da hannunsa ya wallafa hanyar da za a taɓa rajistar Windows a tsallake binciken furosesa, ya bar ta a shafinsa shekaru kafin ya cire. Wanda ya gina katanga ya kuma jingina mata tsani ba zai ce katangar ce kaɗai ke tsare gari ba.

Sannan me tsarin ya haifar ta fuskar tsaron da ake ta ambato? Tarin kwamfutoci masu rai, haɗe da intanet, da za su zauna ba facin tsaro. An ga irin wannan a watan Mayun 2017, lokacin da ƙwayar WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati a Ingila har aka soke ganin likita wajen 19,000. Abin ya kai Microsoft ya fitar da faci ga Windows XP, wadda ya sallama tun 2014. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan mai ginin ne ya ce ya daina yaɓe.

Gaɓa ta biyu, wai shekara goma ta isa. Daga yaushe ake ƙirgawa? Masu wannan magana suna lissafi daga 29 ga Yulin 2015, kamar kowa ranar ya sayi kwamfutarsa. Alhali an ci gaba da sayar da sababbin na'urori masu furosesa zubi na 7 bayan 2017, kuma Microsoft bai daina sayar da lasisin Windows 10 a shafinsa ba sai ƙarshen Janairun 2023. Kada kuma a manta, a 2015 wani ma'aikacin kamfanin, Jerry Nixon, ya faɗa a taron Ignite cewa Windows 10 ce Windows ta ƙarshe, daga nan sai dai a yi ta sabunta ta. Kamfanin bai ƙaryata shi ba, aka zauna a haka shekara shida.

Abin da ya fi rushe wannan gaɓa shi ne, facin yana nan ana haɗa shi kowane wata. Mutum ɗaya zai iya samun ƙarin shekara guda in ya biya dala 30, ko ya yarda ya ɗora saitin kwamfutarsa a asusun Microsoft. Kamfanoni suna biyan dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara har shekara uku. Akwai ma wani nau'in Windows 10 na injinan masana'antu da kamfanin ya yi alƙawarin kula da shi har Janairun 2032. A Turai kuwa, da ƙungiyar Euroconsumers mai kare masu saye ta tayar da jijiyar wuya, sai aka sassauta wa mutanen yankin sharuɗɗan ƙarin shekarar. Tuwo dai yana cikin tukunya, ƙofar madafa aka sa wa kwaɗo, kuma wanda ya iya ɗaga murya an buɗe masa.

A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya kiyasta cewa kwamfutoci miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan mataki. Mai karatu ya san inda wani kaso na irin waɗannan kaya yake ƙarewa. Kwamfutar da ofis ya sallama a Landan ko Amurka ita ce ake jerawa a Computer Village da ke Ikeja, ita ce kuma a kan teburan titin Beirut a Kano. Ɗalibin da ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya taya EliteBook 840 G3 ta hannu, ya duba batir, ya latsa kowane maɓalli, ya leƙa ko allo yana da tabo, shekarar farko yake da ita a hannunsa. A ce masa shekara goma ta isa, ai ba da shi ake ba.

Sai batun kyauta. Ba kyauta ba ce. Kuɗin lasisi yana cikin farashin kwamfuta tun daga masana'anta, kuma wanda zai sayi Windows 11 Home ita kaɗai dala 139 zai ajiye. Ko da kyauta ce, ana tilasta wa mutum karɓar kyauta? A watan Mayun 2016, lokacin da ake tura mutane daga Windows 7 zuwa 10, an sauya akwatin sanarwa yadda wanda ya danna jan kuros don ya rufe shi, sai a ɗauka ya amince. A shekarar ce wata mai harkar shirya tafiye-tafiye a Kalifoniya ta kai ƙara kan cewa sabuntawar da ba ta nema ba ta gurgunta mata kwamfutar aiki, kotu ta ba ta dala 10,000. A Oktoban 2018 wata sabuntawa ta goge wa wasu mutane takardunsu, har kamfanin ya janye ta.

Windows 11 ta ɗora nata a kai. Ba ta yarda a kammala girka ta sai da intanet da asusun Microsoft, kuma kamfanin yana ta toshe dabarun da masu gyara ke bi su kauce wa hakan. Wanda ya taɓa jona kwamfuta da datar wayarsa, ya tashi ya ga ta zuƙe abin da ya saya na wata guda cikin dare ɗaya, ya san nauyin wannan sharaɗi. A 2024 aka fara cusa tallan manhajoji a cikin jerin Start. A watan Mayun shekarar kuma aka sanar da Recall, wadda ke ɗaukar hoton allon mutum lokaci bayan lokaci ta adana. Masu binciken tsaro suka nuna cewa ma'ajiyar ba a kulle take da kyau ba, aka ɗage fitar da ita, sai a Afrilun 2025 ta fito bayan gyara. Kamfanin da ya ƙi kwamfutar mutum da sunan tsaro shi ne ya so fitar da wannan.

Gaɓa ta huɗu tana da rabin gaskiya, kuma dole a ba su rabinsu. CorelDRAW ba ta da nau'in Linux. Haka Photoshop da AutoCAD, haka Word da Excel irin waɗanda ake girkawa a na'ura. Mai shagon buga katin biki da fosta, wanda duk fayilolin abokan cinikinsa na Corel ne, ba a yi masa adalci ba in aka ce ya koma Linux gobe. Haka akawun da ya gina lissafinsa kan dabarun Excel, da mai wata firinta ko na'urar ɗaukar zanen yatsa da ba ta jin yaren kowa sai na Windows. Masu kishin Linux da ke yi wa irin waɗannan mutane dariya su ma suna da nasu laifin, kuma sun kori mutane da yawa da baƙar magana.

Amma mutum nawa ne haka? Yawancin masu kwamfuta abin da suke yi bai wuce shiga intanet, buga takarda, kallon bidiyo, cike fom da halartar taro ta Zoom ba. Chrome da Firefox da VLC da Zoom duk suna nan a Linux, LibreOffice kuma tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Masu cewa sai ƙwararre suna ba da labarin shekarun 1990 ne, zamanin da Linus Torvalds bai daɗe da fara aikin a Helsinki ba, ana rubuta umarni a baƙin allo. Tun 2004 da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu labarin ya soma sauyawa. Linux Mint ta yau tana da maɓalli a kusurwar hagu ta ƙasa kamar Windows 7, tana iya tashi da RAM na gigabait 2, kuma zubi na 22 zai ci gaba da samun faci har 2029. Akwai tsarin maɓallan Hausa a ciki, mai ƙ da ɗ da ɓ. Wayar Android da ke aljihun mai gardamar ma a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta.

Sukan ce to me ya sa masu amfani da ita a kwamfutar tebur ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, kamar yadda StatCounter ya nuna a 2024? Saboda kusan duk kwamfutar da aka saya da Windows take zuwa, kuma mutane ba sa sauya abin da suka tarar. Da kamfanin Valve ya fitar da na'urar wasa ta Steam Deck a 2022 da Linux a cikinta, jama'a suka saya suka yi ta wasa, da yawansu ba su ma damu da sunan abin da ke ciki ba. Komawa Apple kuwa, ga wanda tsada ta koro, gudun gara ne a faɗa gidan zago: a 2025 kamfanin ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga Mac masu furosesar Intel.

Saura Munik, labarin da suka fi so, kuma wanda suka fi yanke wa kai da jela. A 2003 majalisar wannan birni na Jamus ta zaɓi komawa Linux, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya je da kansa wurin magajin gari Christian Ude don ya shawo kansa. Zuwa ƙarshen 2013 kwamfutoci kusan 15,000 suna aiki da LiMux, nau'in Linux na birnin, kuma birnin ya ce ya rage kashe kuɗi sama da yuro miliyan 10. A 2014 aka yi sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai ɓoye cewa Microsoft ya fi kwanta masa ba. A 2016 Microsoft ya dawo da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin. Rahoton da aka sa kamfanin Accenture ya yi a shekarar ya ɗora yawancin matsalar kan yadda sassan kwamfuta na birnin suke a warwatse, kowanne da nasa tsari. A 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ba wanda ya kawo shaidar cewa an yi wani cinikin bayan fage, don haka ba za a faɗi abin da ba a tabbatar ba. Abin da ke a fili shi ne ma'aikata sun yi shekaru suna gudanar da babban birni da Linux, kuma 'yan siyasa ne suka sauya shawara. A 2020 sabuwar gamayyar da ta karɓi majalisar ta sake rubuta cewa za a fifita buɗaɗɗun manhajoji duk inda ya yiwu. Wannan ɓangaren ba sa kawo shi.

Ba sa kuma kawo jandarmomin Faransa, waɗanda suka bi abin daki-daki: OpenOffice a 2005, Firefox a 2006, sannan Ubuntu daga 2008, har kwamfutocinsu wajen 100,000 suka koma kan nasu nau'in mai suna GendBuntu. Ba sa ambaton jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda a Afrilun 2024 ta sanar da mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice da Linux, ko makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya da suka daɗe suna koyar da yara da ita. Jandarma da ɗan makaranta ba injiniyoyi ba ne.

Cikin gaɓoɓi biyar, rabin ɗaya ce ta tsaya da ƙafarta, kuma ta shafi masu sana'ar da ke ɗaure da wata manhaja ta musamman. Su waɗannan su yi rajistar ƙarin shekarar nan, su san cewa bisa sanarwar kamfanin ranar 13 ga Oktoban 2026 za ta ƙare. Sauran kuwa, kafin wani ya kai kwamfutarsa mai lafiya kasuwa ya karyar, ya nemi filashi mai gigabait 8, ya sa mai gyara ya ɗora masa Linux Mint a kai. Ana iya tayar da kwamfuta daga filashin ba tare da an goge ko fayil ɗaya ba. Ya gwada intanet da sauti da firinta, ya buɗe takardunsa ya gani, sannan ya yanke hukunci da kansa.