Tsohuwar bindigar gado a Zangon Lome: Nawa ne ainihin kuɗinta?

Hausawan Zango sun daɗe da sanin cewa tsufan kaya kuɗi ne a wajen Bature. Masu fataucin kayan tarihi daga cikinmu sun ci abinci da tsofaffin duwatsun wuya da tagulla da sassaƙe-sassaƙe, tun daga Abijan har Lome da Kwatano, kuma ba mu ga laifinsu ba, sana'a ce. To amma wannan sabo shi ne yake neman ya jefa wasunmu cikin rami, domin an ɗauki ma'aunin tagulla ana auna tsohuwar bindigar farauta da shi. Sai ka ji an zo rabon gado, an fito da bindigar marigayi daga ƙarƙashin gado a naɗe cikin tsumma, dillali ya duba rubutun Faransanci da ke jikinta ya ce ai wannan ta zamanin Turawa ce, miliyoyin sefa za ta yi. Daga nan sai rabo ya tsaya, 'yan'uwa su fara hararar juna a kan abin da ba wanda ya san kuɗinsa.

Da farko dai ya kamata mu san yadda aka yi waɗannan bindigogi suka shigo gidajenmu. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasel wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar mana ta toka, wato harba-ka-ruga. Saboda haka a zamanin mulkin mallaka ba kowa ke samun izinin riƙe bindiga mai cin harsashi ba, sai sarakuna da ma'aikatan gwamnati da tsofaffin sojoji da manyan attajirai. Ita ce shaidar cewa mutum ya isa. Togo kuwa ta ga hannu uku: Jamus daga 1884 zuwa 1914, sannan Ingilishi suka riƙe Lome har 1920, Faransa ta karɓa har ranar 27 ga Afrilu 1960. Ga kuma Gana a bakin ƙofa, daga tsakiyar gari zuwa Aflawo tafiyar ƙafa ce. Shi ya sa a Zango ake iya cin karo da ƙirar Faransa da ta Ingila da ta Beljiyam duk a layi ɗaya. Lokacin da hukuma ta rushe tsohon Zango na tsakiyar gari a 1977, aka mai da jama'a Sabon Zango can arewacin birni wajen Aguwe, bindigogin sun bi akwatunan masu su, amma takardunsu da yawa ba su bi ba. Wannan maganar takarda za mu dawo kanta.

Bindiga ba ta ɓoye asalinta ga wanda ya iya karanta ta. Manyan ƙasashen da ke ƙera bindiga a Turai suna da gidan gwaji na hukuma, inda ake ɗura mata albarushi fiye da ƙima a harba, in ba ta fashe ba a buga mata hatimi. Hatimin yana ƙarƙashin bututun, wajen da ya kwanta a kan jikin bindigar, sai an cire katakon gaba an zare bututun ake ganinsa. Idan aka ga rassan dabino a gicciye da kambi a sama da sunan garin Sant-Etiyen, ta Faransa ce. Idan kuma akwai haruffan PT da kambi, an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai na Liyej ne a Beljiyam, kuma daga 1893 aka ɗora wa da'irar kambi. BNP da kambi na Bamingam ne a Ingila, kuma ba a fara buga shi ba sai 1954, don haka duk dillalin da ya nuna maka wannan hatimi ya ce bindigar ta ga yaƙin Jamus na farko, to ko dai bai sani ba ko kuma yana so ya ci da kai.

Mafi yawan abin da ke hannunmu a ɓangaren Faransa ƙirar kamfanin Manufrance ne na Sant-Etiyen, wanda a da yake aika kaya ta gidan waya har cikin ƙauyukan Afirka, mutum ya zaɓa a littafin tallansu ya aika kuɗi. Simplex, mai baki ɗaya, ta fito a 1908. Robust, mai baki biyu a jere, ta biyo baya a 1913. A ɓangaren Ingilishi akwai Greener GP mai baki ɗaya. Bayan samun 'yanci kuma sai Baikal ta Rasha ta cika ko'ina saboda araha da juriya, har ta kai a wasu wurare duk bindiga mai baki ɗaya Baikal ake ce mata, ko da maƙerin ƙauye ne ya buga ta. Maƙeran Alabanyo da na Suwame a Kumasi da na Oka a ƙasar Ibo sun ƙware har suna kwaikwayon suna da lamba, sai dai hatimin gwaji yakan tona asirinsu, ko babu shi ko ya fito a karkace.

Abin da dillali ba ya son faɗi shi ne, duk waɗannan da muka lissafa bindigogin aiki ne. An ƙera su dubu ɗaruruwa domin manomi da mafarauci. Kamar ka ce kekunan Raleigh ne na wancan zamani: masu ƙarko, masu suna, amma ba a rasa su ba. Bindigogin da ake jin labarin an saye su da dubban fam a wajen gwanjo a Landan, irin su Purdey da Holland & Holland, aikin hannu ne da aka yi wa masu sarauta ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta a littafin kamfani da sunan wanda ya fara sayenta. Abu ne mawuyaci irin wannan ta ɓullo a ƙarƙashin gado a Zango.

Ko da asalin ya tabbata, saura lafiyar ƙarfen. Iskar teku ta Lome ba ta raga wa ƙarfe, bindigar da ta shekara arba'in a ɗaki ba mai, in aka ɗaga bututunta ga haske za a ga cikinsa ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana. Wadda ta zauna a arewa kuma hunturu ya busar da katakonta ya tsage a wuya. Masu sanin abin sukan rataye bututun su ƙwanƙwasa shi, mai lafiya ya yi ƙara kamar ƙararrawa, wanda lihiminsa ya saki ya yi dum. Sukan duba ko lambar da ke kan bututu ta yi daidai da ta jikin bindigar, su kuma girgiza ta a rufe su ji ko tana lilo. Sannan ga wani kuskure da muke yi da kyakkyawar niyya: a kai wa mai gyara ya goge ta da takardar yashi, ya shafa wa katakon fenti mai ƙyalli don ta yi kyan gani. A wajen masu tara kayan da, wannan gogewa ita ke kashe ɗan abin da ya rage na darajarta.

Akwai kuma batun rai, wanda ya fi na kuɗi. Tsofaffin bindigogi da yawa an yi musu mazaunin harsashi mai tsawon milimita 65, alhali harsashin da ke kasuwa yau yawancinsa na milimita 70 ne. Yana shiga kuwa, bindigar ta rufu lafiya lau, amma in aka harba sai matsin ya ƙaru a kan ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci. Haka nan masu bututun da aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe mai zane kamar igiyar ruwa, yawancinsu da albarushin da mai hayaƙi aka gwada su. Wanda ya sayar wa mafarauci irin wannan ba tare da ya gaya masa ba, idan ta fashe ta tafi da yatsunsa ko idonsa, akwai hakki a wuyansa ko da kotu ba ta kira shi ba.

To, a ce bindigar ta haye duk wannan. Nawa Bature zai saya? A Faransa Simplex ko Robust da ba ta da wani ado, mai lafiya, kuɗinta bai wuce Yuro ɗari kaɗan ba, kuma kowa ya san Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, sai mai karatu ya buga lissafi da kansa. Kasuwar ma ja da baya take yi. Tun 15 ga Fabrairu 2023 Tarayyar Turai ta hana harbi da harsashin dalma a fadamu da bakin ruwa, kuma tsofaffin bututu ba a yi su don harsashin ƙarfe ba. Hasali ma daga 25 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 2022 gwamnatin Faransa ta buɗe wurare ta ce duk wanda ya gaji bindiga ba takarda ya kawo ba za a tuhume shi ba, cikin kwana takwas aka tara kimanin 150,000, kyauta, ba ko sisi. Abin da masu shi ke kai wa jandarma a banza, shi ne ake ce mana za su zo Lome su saya da miliyoyi.

Hanyar kai ta can ɗin ma a toshe take. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan fataucin bindigogi ta ce duk wadda aka ƙera bayan 1899 ba za a ɗauke ta kayan tarihi ba, makami ce. Simplex da Robust da Greener GP duk sun faɗa ciki. A nan yankinmu kuma, ƙasashen ECOWAS sun dakatar da shigowa da fitar da ƙananan makamai tun 31 ga Oktoba 1998, sannan ranar 14 ga Yuni 2006 suka mai da shi cikakkiyar yarjejeniya a Abuja, wadda ta fara aiki a 2009. Ta hana ƙetare iyaka da makami sai da izini na musamman da gwamnati ke nema, ta wajabta wa farar hula lasisi, ta kuma ce har dillalin makamai sai ya yi rajista. Fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ba ta sassauta komai ba, dokokin cikin gidansu na nan, ga sojoji a kan hanya. Kuma kada mu manta a nan Lome ɗin ne cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kwance ɗamara a Afirka take tun 1986. Togo ta fitar da dokar shugaban ƙasa a 1995 kan shigowa da bindigogin farauta da riƙe su da miƙa su ga wani, har da ƙirar maƙera. Ta kafa hukumar yaƙi da bazuwar ƙananan makamai a 2001. A 2014 kuma aka fara buga wa bindigogin farar hula lamba ana shigar da su rajista.

Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa kamar rumfar kasuwa. A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta ba magada kwana 14 kacal bayan rasuwar mai lasisi su riƙe bindigar, wata dokar ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ko tara ko duka biyun ga wanda aka kama da bindiga ba izini. A Agustan 2023 ma rundunar 'yan sandan ƙasar ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Ɗan kasuwar da ya cusa bindigar kakansa cikin dilar atamfa ya nufi Hilakonji da Seme, ba ita kaɗai zai rasa ba; dilar za ta tafi, motar za ta tafi, direban da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ma ya kwana a ciki.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da a ganinmu ta fi kowace muhimmanci. Idan Bature ba ya so, kuma doka ta hana fita da ita, wane ne wannan da ya turo dillali yana tayin kuɗin da ya ninka na sabuwa, ba ya tambayar hatimi, ba ya tambayar takarda? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Tun harin Sanlowaga a Nuwamban 2021 da na Kpekpakandi a Mayun 2022, inda sojojin Togo takwas suka rasu, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Saban a Yunin 2022, kuma duk mai bin hanyar Sinkase ya san yawan shingen da ke kanta. A Burkina Faso da arewacin Nijeriya 'yan sa-kai na neman bindiga, ɓarayin daji ma na nema, kuma daga rumfa a Zango ba ka da hanyar bambance su. Yawan buƙatar ya kai a Janairun 2017 kwastan suka kama bindigogin farauta na zamani 661 cikin kwantena guda a Legas. Ranar da aka tsinci bindigar marigayi a wani daji, za a bi sawunta hannu bayan hannu har ƙofar gidan da ta fito. Mu kuma mazauna Zango mun san yadda ake saurin ɗora wa unguwa duka laifin mutum ɗaya, kasancewar har yau wasu kallon baƙi suke yi mana duk da kakanninmu a nan aka binne su.

Shawararmu ga malaman da ke raba gado da masu unguwanni ita ce a cire bindiga daga cikin kayan da za a yi wa kuɗi a zaure. A fara neman takardarta. Idan akwai, magada su je wa jandarma ko 'yan sanda da ita tare da shaidar rasuwa, a bi hanyar mai da ita sunan wanda ya cancanta daga cikinsu, ko a sayar wa mai izini a cikin ƙasa da sanin hukuma, kuɗin da aka samu a hakan shi ne zai shiga rabo. Idan babu takarda, ko lambarta a goge take, kada wani ya ɗauko ta a babur ya ratsa gari da ita. Sarkin Zango ko limami ya raka babban ɗa a sanar da hukuma tukuna, su faɗi yadda za a miƙa ta. Wanda kuma a cikin magada ya nace sai an rubuta mata miliyan biyu, sai a ce masa ya karɓe ta a rabonsa a kan wannan kuɗi, a ga ko zai yarda.