Taron Katsina: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki



'Yan'uwa, ranakun 24 da 25 ga watan Yuni na shekarar 2024 an yi wani babban taro a birnin Katsina a kan zaman lafiya da tsaro, wanda ƙungiyar gwamnonin jihohi bakwai na Arewa maso Yamma ta shirya tare da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya halarta, haka marigayi Muhammadu Buhari da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Makonni biyu kacal kafin nan ne 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen 'Yargoje a ƙaramar hukumar Ƙanƙara, suka hallaka bayin Allah masu yawa. Saboda haka duk wanda ya kasa kunne a ranakun nan yana da dalilinsa.

To me muka ji? Mu a nan Babban Mutum, abin da ya iso mana ta rediyo da wayoyin hannu shi ne jan kunnen da Shettima ya yi wa gwamnatin Sakkwato a kan martabar Sarkin Musulmi, bisa raɗe-raɗin cewa za a tuɓe shi, abin da gwamnatin ta musanta. Da wannan jaridu suka cika shafin farko. Sai hotuna: wane ya zauna kusa da wane, wane ya sha tafi da ya shigo. Ba mu ce maganar Sarkin Musulmi ƙarama ce ba, haram. Amma ba dominta aka tara jama'a ba, kuma ba ita ce ta hana manomin Batsari ko Sabuwa zuwa gonarsa a tsakiyar damina ba.

Ga tambayar da ya kamata 'yan jarida su tsare mahukunta da ita. Mu mazauna bakin iyaka ne, tsakaninmu da Magarya ba nisa. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, ba ta janye takunkumin ba sai a watan Maris na 2024, kuma a lokacin taron Nijar ta riga ta ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS. Kowa ya san makami da shanun sata ba sa neman izinin kwastan. Ta yaya gwamna zai tsare Jibiya alhali ƙasashen biyu suna zaman doya da manja? Wane ne zai biya 'yan sintirin da jihar Katsina ta ɗauka a watan Oktoban 2023, kuma wa zai hukunta su in sun zalunci wanda bai ji bai gani ba? Sulhu za a yi da 'yan bindiga ko yaƙi, tunda kowane gwamna da tasa ƙiblar? Abin takaici, waɗannan ba su da farin jinin hoton manya.

Kuma abin bai tsaya nan ba. A watan Mayun 2025 shugaba Tinubu ya zo Katsina, ya yi wa sojoji jawabi a kan wannan matsala dai. Amma abin da ya zagaye wayoyin jama'a shi ne waƙar da Rarara ya rera masa a wurin liyafa, da allunan nan da aka kafa wai Katsina ba ta da ƙorafi. Inna lillahi!

Sai dai kada mu ɗora wa ɗan jarida laifin duka. Ɗan kasuwa ne shi, hajar da ake saye ita yake bazawa. Mu ne masu tura wa juna bidiyon mawaƙi, har da waɗanda ke zama sahun gaba a wurin karatu; da wuya ka ga wanda ya nemi takardar bayan taro ya karanta, balle ya fassara ta ga wanda bai iya Turanci ba.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa masu ilimin boko a rassanmu na ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango da Mai'aduwa, su nemo takardar nan ta Yunin 2024, su mai da ita Hausa, a karanta wa jama'a sakin layi bayan sakin layi, sannan a rubuta wa ɗan majalisar kowace mazaɓa a tambaye shi wanne aka aiwatar a ciki.