Waya tana samun kulawa, bel da birkin tarakta ba sa samu

A gonakin shinkafa na Shanga da Ngaski, matashin da ke tuƙa taraktar haya ba ya barin wayarsa ta kwana ba caji. Bel kuwa sai ya tsinke yake tunawa da shi. Wannan sakaci ne.

Bel ɗin fanka shi ke juya famfon ruwa da na'urar cajin batir. Idan ya saki, inji zai ɗau zafi, batir ya mutu. Dubawar ba ta cin minti biyar: a kashe inji, a danna tsakiyar bel da babban yatsa. In ya lotsa da yawa, a ɗaure. In ya tsattsage ko yana ƙyalli, a sauya. Wanda ya jira ya tsinke zai wuni neman wani a Yelwa, ga manomi na jiran huɗa.

Birki ya fi haɗari. Feda biyu ne, hagu da dama, kuma dole a haɗe su kafin hawa titi, don taka ɗaya da gudu na iya kifar da tarakta.

Ƙararrawar waya sau ɗaya a mako ta isa ta tuna wa direba wannan dubawar.