Daga Bakin Allo: Awa Ɗaya, Shekara Bakwai

Bayan yankan riɗi muka zauna da ɗalibanmu a nan Ƙala'at an-Nahal, muka kalli wani fim na Amurka mai suna Interstellar, wanda Christopher Nolan ya fitar a 2014.

Labarin manomi ne, Cooper, tsohon matuƙin jirgi. Cuta ta cinye amfanin gona, ƙura ta turnuƙe duniya, sai ya bar 'yarsa Murph tana shekara 10, ya tafi sararin samaniya neman wa 'yan Adam sabon mazauni. Suka sauka wata duniya kusa da baƙin rami, wato wurin da ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Awa ɗaya a can, shekara 7 ce a nan. Kafin su koma jirginsu, shekara 23 ta wuce.

Yara suka ce, "Malam, wannan ai tatsuniya ce." Muka ce a'a. Tun 1915 Albert Einstein ya nuna lokaci yana rage gudu inda janyowa ta yi ƙarfi. Masanin da ya duba lissafin fim ɗin, Kip Thorne, ya sami lambar Nobel a 2017, kuma a 2019 aka fitar da hoton baƙin rami na farko.

Amma abin da ya sa ajin ya yi tsit ba lissafi ba ne. Mu jikokin matafiya ne. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka tsaya noman guzuri a ƙasar Gadarif, damina ɗaya ta zama zaman dindindin. Yau ma da yawa cikin ɗalibanmu iyayensu maza suna wajen haƙar zinariya ko Saudiyya. Uba yana ganin jiya ya fita, yaron da ya bari kuwa har ya fara gemu.

Cooper ya dawo ya tarar da Murph tsohuwa a gadon ajali. Don haka muna roƙon iyayen da neman abinci ya fitar: a riƙa bugo waya, a tambayi karatun yaro, a zo gida ko da sau ɗaya a shekara. Kuɗi ana aikowa, amma ƙuruciyar ɗa ba ta jiran kowa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.