Bakinsa ya mutu, hankalinsa yana nan

Ƴan'uwa, yau faɗa zan yi da ku.

A Jiratawa na san wani dattijo mai lambu. Wata safiya ya faɗi. Hannun dama da ƙafar dama suka shanye, magana ta ɗauke. Kalma guda ta rage masa, "to". Aka ce iska ce ta buge shi. Aka yi ta yawon magani da shi har Tibiri, akuya biyu suka tafi. Asibitin Maraɗi kuwa sai bayan mako uku. Yanzu yana kwance a ƙuryar ɗaki, ana maganar rabon lambunsa a gabansa kamar ba mutum. Yana ji sarai. Na ga hawayensa.

Wannan ciwo ba na iska ba ne. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, sau da yawa saboda hawan jini. A shekarar 1861 wani likita na Faransa, Paul Broca, ya duba wani mutum da ba ya iya faɗin kome sai "tan". Da mutumin ya rasu, Broca ya buɗe kansa, ya tarar da wuri ya lalace a gaban ƙwaƙwalwa, gefen hagu. Wurin yana aikin harhaɗa magana. Gefen hagu kuma shi ke juya dama na jiki. Shi ya sa hannun dama da baki suke tafiya tare.

Ga wani abu kuma. A 1992, a garin Farma na Italiya, Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa sun ba da labarin wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri. In birin ya ɗauki gyaɗa, sai su motsa. In ya ga mutum ya ɗauki gyaɗa, shi yana zaune, sai su motsa kuma. Aka sa musu suna ƙwayoyin madubi. Inda suke a kan biri ya yi daidai da wurin Broca a kan mutum. Saboda haka a 1998 Rizzolatti da Michael Arbib suka ce magana ta samo tushe daga motsin hannu da kwaikwayo.

Wasu masana sun musa. Suka ce biri yana da madubin, amma bai taɓa gaida kowa ba. Suka ce kuma wanda wurin Broca nasa ya lalace galibi yana fahimtar maganar yau da kullum. Su can su ci gaba da gardama. Ni dai ko wane gefe ya ci, ku ne kuka faɗi. In ido da hannu suna taimakon baki, me ya sa kuka ɓoye shi inda ba ya ganin fuskar kowa? In kuwa yana fahimta, don me kuke yanke shawara ba ku tambaye shi ba?

Wanda bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe masa farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, a auna jininsa. In ya dawo gida, a fito da shi zaure. Ku zauna gaba da gaba, ku yi magana sannu, ya ga leɓenku. Ku nuna masa buta, ku ce buta. Ku gwada ƙidaya da shi, da yawa cikinsu ƙidaya da waƙa ba su ɓace musu ba. Maganar lambu kuwa, a tambaye shi. Yana iya gyaɗa kai, yana iya girgiza shi.